Yadda za ku hana salula karanta saƙonninku a bainar jama'a

Ƴan uwa masu koyon karatu da rubutu, a yau salula ta shiga gidaje masu yawa a birni da karkara. Da ita ake gaida dangi, da ita ake tambayar farashin hatsi da wake a kasuwa, da ita kuma ɗan ci-rani yake aiko wa iyalinsa kuɗin cefane daga Abijan, ko Kano, ko Aljeriya. Saboda haka saƙon da yake shigowa cikin salula ba abin wasa ba ne. Wani saƙon yana ɗauke da lambar karɓar kuɗi. Wani yana ɗauke da maganar rashin lafiya, ko ta bashi, ko ta aure.

Akwai salular da, in saƙo ya shigo, sai ta ɗauki murya ta karanta shi da ƙarfi, ko da mai ita bai umurce ta ba. In haka ta faru a cikin motar haya, ko a fada wurin shan shayi, ko a layin ganin likita, to duk wanda yake kusa ya ji. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Saƙonku naku ne, kuma ku ne ya kamata ku zaɓi wanda zai ji shi. Wannan darasi zai nuna muku yadda ake tsayar da muryar, da yadda ake toshe sauran hanyoyin da sirrin saƙo yake fita.

Me ya sa salula take magana?

Da farko ku kwantar da hankalinku. A mafi yawan lokuta salular da take magana ba ta lalace ba. Masu ƙera ta ne suka sa mata muryar da gangan, domin taimakon makafi da masu raunin gani. A shekarar 2009 kamfanin Apple ya sa wa iPhone wata murya mai suna VoiceOver. A cikin shekarar kuma kamfanin Google ya fito da tasa mai suna TalkBack, domin saluloli masu aiki da tsarin Android. Salulolin zamani da aka fi gani a kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, irin su Tecno, itel, Infinix da Samsung, da tsarin Android suke aiki.

Da taimakon wannan murya makaho yana iya kiran ɗan uwansa, ya ji saƙonsa, ya san ƙarfe nawa ne, ba tare da ya roƙi kowa ba. Abu ne mai amfani ƙwarai. Sai dai muryar ba ta san wanda yake zaune kusa da ku ba, kuma ba ta bambanta gaisuwar Juma'a da lambar kuɗi. In salularku tana kan Faransanci, muryar takan kwaɓa kalmomin Hausa har su yi wuyar fahimta, amma lambobi tana faɗinsu sarai. Wanda bai gane komai cikin saƙon ba yana iya riƙe lambar.

Muryar takan buɗu ba da niyya ba. Wani lokaci maɓallai ne suka dannu a cikin aljihu. Wani lokaci yaro ne ya yi wasa da salular. Wani lokaci kuma salular ta hannu ce, mai ita na farko ya bar muryar a buɗe.

Ku fara gano inda muryar take fitowa

Ba a ba da magani sai an san ciwo. Ku lura da salularku, ku ga wanne ne ya dace da ita cikin waɗannan guda huɗu:

1. Tana faɗin sunan duk abin da kuka taɓa, kuma taɓawa ɗaya ba ta buɗe komai. Wannan aikin TalkBack ne, ko VoiceOver in iPhone ce.
2. Ba ta magana sai in an haɗa ta da abin saurare na kunne, ko rediyon mota, ko lasifika.
3. Tana aiki lafiya lau, amma in kira ko saƙo ya shigo sai ta faɗi sunan mai shi, ta karanta abin da ya rubuto. Wannan galibi aikin wata manhaja ne da aka saka mata.
4. Ƙaramar salula ce mai maɓallai, kuma tana faɗin kowace lamba da kuka danna.

Saluloli da yawa a ƙasarmu da Faransanci suke nuna rubutu. Don haka za mu kawo sunayen wuraren yadda za ku gan su a rubuce. Ku kwafe su a littafinku, ku riƙa gwada haruffan da na fuskar salula. Sunayen sukan ɗan bambanta daga wannan salula zuwa waccan, amma aikin ɗaya ne.

Yadda ake rufe TalkBack

Alamar TalkBack ita ce wani zane mai kusurwa huɗu, sau da yawa kore ko shuɗi, yana kewaye abin da yatsa ya taɓa. Mutane da yawa sukan firgita a nan, su zaci salular ta mutu, har su biya mai gyara kuɗi a banza.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta maɓallan murya da suke gefen salula, wato na ƙara ƙarfi da na ragewa. Ku danna su biyun tare, ku riƙe, ku ƙirga ɗaya, biyu, uku a hankali. A saluloli da yawa muryar za ta ce an rufe TalkBack, sannan ta yi shiru.

In wannan bai yi ba, sai ku bi hanya ta biyu. Amma ku sani, muddin TalkBack yana buɗe, yatsa yana aiki da wata doka dabam. Taɓawa ɗaya zaɓe ce kawai. Taɓawa biyu da sauri ita ce buɗewa. Jan fuskar salula sama ko ƙasa kuwa, da yatsu biyu ake yi.

1. Ku nemi alama mai kama da ƙaramin faifai mai haƙora, irin wanda sarƙar keke take hawa. A ƙarƙashinta an rubuta Paramètres. Ku taɓa sau ɗaya, sannan ku taɓa sau biyu da sauri.
2. Da yatsu biyu ku ja rubutun sama har ku ga kalmar Accessibilité. A wasu saluloli tana ɓoye cikin wurin da aka rubuta Système.
3. Ku buɗe ta, ku nemi TalkBack, ku buɗe shi.
4. Ku taɓa ɗan makunnin da yake gefen sunan, ku taɓa sau biyu. In salular ta nemi tabbaci, ku zaɓi amincewa, ku sake taɓawa sau biyu.

Kafin ku fita, ku duba wurin da aka rubuta Raccourci. Shi ne yake ba maɓallan gefe damar buɗe muryar. In ba ku buƙatar TalkBack, ku rufe shi, don kada muryar ta sake buɗuwa cikin aljihu.

Idan iPhone kuke da ita

A iPhone wurin gyare-gyare sunansa Réglages. Ku shiga nan, ku shiga Accessibilité, ku nemi VoiceOver, ku rufe. Dokar yatsa kusan ɗaya ce da ta TalkBack, sai dai a nan da yatsu uku ake jan rubutu sama ko ƙasa. A wasu iPhone, danna maɓallin gefe sau uku da sauri yana buɗe muryar ko ya rufe ta, in an shirya shi a haka.

Akwai kuma wata murya ta biyu mai suna Siri. Tun shekarar 2019 Siri tana iya karanta saƙon da ya shigo ga wanda ya sa irin abin kunnen da Apple yake ƙerawa, kuma tana yin haka a cikin wasu motoci. Domin hana ta, ku shiga Réglages, ku shiga Notifications, ku nemi Annoncer les notifications, ku rufe.

Abin kunne, mota da lasifika

Bluetooth hanya ce da salula take haɗuwa da wata na'ura ba tare da igiya ba. Abin lura shi ne, salular da ta taɓa haɗuwa da wata lasifika ko rediyon mota takan sake haɗuwa da su da kanta in sun zo kusa. A ce kun ara wa matasa salularku ranar biki domin su sa kiɗa. Bayan kwana biyu kuna zaune a ƙofar gida, lasifikar tana kunne a maƙwabta, kuka buɗe saƙon murya. Maganar ba za ta fito daga salularku ba, daga lasifikar za ta fito.

Maganin wannan guda biyu ne. Na farko, ku rufe Bluetooth duk lokacin da ba ku aiki da shi. Ana samun alamarsa in an ja fuskar salula daga sama zuwa ƙasa. Rufe shi yana kuma rage cin batir. Na biyu, ku shiga Paramètres, ku buɗe Bluetooth, ku duba jerin na'urorin da salular ta sani. Wadda ba taku ba, ku cire ta. Kalmar cirewa takan zo da sunan Dissocier ko Oublier.

Wasu abubuwan kunne, kamar na Samsung, suna da manhajarsu, kuma cikinta akwai wurin karanta saƙo da murya. In abin yana kunnenku, ku kaɗai kuke ji. Amma in kun ara wa wani, shi zai ji saƙonku.

Manhajar da ba ku san da ita ba

Manhaja ita ce ƙaramin shirin aiki da ake sakawa cikin salula, kamar WhatsApp ko Facebook. Akwai manhajojin da aikinsu shi ne faɗin sunan mai kira da karanta saƙo. Sau da yawa ba mai salular ne ya saka su ba. Yaran gida ne, ko mai tura waƙoƙi da finafinai a kasuwa.

Irin wannan manhaja ba ta iya karanta saƙo sai an ba ta izini. A saman Paramètres akwai wurin nema mai alamar madubin ƙara girman rubutu. Ku rubuta Accès aux notifications. Salular za ta nuna muku manhajojin da suke da ikon ganin saƙonnin da suke shigowa. Duk wadda ba ku sani ba, ku janye mata izinin, in kuma ba ta da amfani ku goge ta. Manhajar da take iya karanta saƙonku da murya tana iya kwafe shi, don haka kada ku bar wannan izini a hannun abin da ba ku yarda da shi ba.

Ƙaramar salula mai maɓallai

Wasu ƙananan saluloli suna faɗin lamba duk lokacin da aka danna ta. Wannan yana taimakon mai koyon lambobi. Amma ku yi tunanin abin da zai faru a gaban shagon cirar kuɗi: kuna danna lambar sirrinku, salular tana shelanta ta ɗaya bayan ɗaya ga mutanen da suke layi. A irin waɗannan saluloli ana canza wannan a wurin da aka rubuta Profils, ko cikin Paramètres, a sashen ƙarar maɓallai. Ku zaɓi ƙara ta yau da kullum ko shiru, maimakon muryar mutum. In ba ku samu wurin ba, ku rage murya gaba ɗaya kafin ku danna lambar sirri.

Saƙon murya

Mutane da yawa sun fi aika saƙon murya ta WhatsApp saboda ba ya buƙatar rubutu. Ta nan ne sirri ya fi fita, domin ba ku san abin da yake cikin saƙon ba sai kun kunna shi. Akwai dabara mai sauƙi. Ku danna saƙon ya fara, nan take ku kai salular kunnenku kamar kuna amsa kira. A mafi yawan saluloli fuskar za ta yi duhu, maganar ta koma ƙaramar kafar kunne, ku kaɗai ku ji. Ku gwada da saƙon gaisuwa tukuna, ku tabbata salularku tana yin haka.

In ku ne masu aikawa, ku tuna ba ku ganin inda ɗan uwanku yake zaune. In maganar mai nauyi ce, ku fara aika gajeren saƙo ku ce ya keɓe kafin ya saurari na biyu.

Idan kuna buƙatar muryar

Ba kowa ne ya kamata ya rufe muryar ba. Ga makaho ko tsohon da idonsa ya yi rauni, muryar ita ce idonsa. Kada ku rufe TalkBack a salular irin wannan mutum ba da saninsa ba, domin kamar ƙwace wa makaho sanda ne. Abin da ya dace shi ne ya samu abin saurare na kunne mai igiya. Ba shi da tsada, kuma ba ya buƙatar caji. Da shi muryar za ta shiga kunnensa kaɗai. TalkBack da VoiceOver duka suna da hanyar baƙanta fuskar salula alhali muryar tana ci gaba da aiki, don kada na kusa ya leƙa.

Haka nan wanda bai gama iya karatu ba yana iya amfani da murya a ɗakinsa, yana bin rubutun da ido yayin da salular take karantawa. Wannan ma hanyar koyo ce. Abin gudu shi ne salula ta yi magana a lokacin da ba ku zaɓa ba.

Ido ma yana satar saƙo

In kun tsayar da murya, saura ido. Saluloli da yawa suna nuna farkon saƙo a fuskarsu ko da suna kulle. Wannan yana da haɗari ga wanda yake barin salularsa wurin mai caji a kasuwa, ko a kan tabarma lokacin alwala. Lambobin sirri da ake aikowa gajeru ne, duk suna bayyana a layin farko.

A Android ku shiga Paramètres, ku shiga Notifications, ku nemi sashen fuskar kulle, wato Écran de verrouillage. Ku zaɓi ɓoye abin da saƙo ya ƙunsa. A saluloli da yawa an rubuta shi Masquer le contenu. Daga nan salular za ta nuna cewa saƙo ya zo, amma ba za ta nuna abin da ya ce ba sai an buɗe makulli. A iPhone ku shiga Réglages, Notifications, Afficher les aperçus, ku zaɓi Si déverrouillé ko Jamais.

Makulli biyu

Ɓoye saƙo ba shi da amfani in salular ba ta da makulli. Makulli na farko shi ne na fuskar salula. Yana iya zama lamba, ko zane da yatsa, ko hoton yatsa. Lamba mai alƙaluma 6 ta fi mai 4 ƙarfi. Ku guji 0000, da 1234, da shekarar haihuwa, da ƙarshen lambar kiranku, domin su ɓarawo yake fara gwadawa. Zane yakan bar sawu a kan gilashi, don haka a riƙa gogewa. Hoton yatsa yana da sauri, amma ana iya ɗora yatsan mai barci a kan salula. Kada lambar makullin salula ta zama ɗaya da lambar sirrin asusun kuɗinku.

Makulli na biyu shi ne na katin SIM, wato ɗan katin da yake ɗauke da lambar kiranku. In aka sace salula, ɓarawo yana iya cire katin ya sa a wata salula, saƙonninku na SMS su riƙa zuwa masa. Lambar PIN ta kati tana hana haka. Amma ku yi hattara: in aka yi kuskuren PIN sau 3 katin zai kulle, sai da wata lamba mai alƙaluma 8 da ake kira PUK. In aka yi kuskuren PUK sau 10, katin ya mutu. Ana rubuta PUK a jikin babban katin da aka ɓallo SIM daga cikinsa, don haka ku adana shi tare da takardunku masu muhimmanci. In salula ta ɓata, ku hanzarta zuwa ofishin kamfanin layinku da katin shaidarku, a rufe layin.

SMS da WhatsApp

An aika SMS na farko a duniya ranar 3 ga Disamba 1992 a Ingila. Tsohuwar hanya ce mai amfani, tana aiki ko babu intanet, amma ba a rufe saƙonta daga hannun mai aikawa har zuwa hannun mai karɓa ba. WhatsApp kuwa, tun shekarar 2016 yana rufe saƙo ta yadda ba a iya karanta shi a kan hanya. Sai dai wannan kariya ta hanya ce kawai. In saƙo ya iso salular da ba ta da makulli, duk wanda ya ɗauke ta zai karanta.

Ga abubuwa huɗu da za ku duba cikin WhatsApp:

1. Appareils connectés. Nan ake ganin kwamfuta ko wata salula da aka haɗa da asusunku. Wanda ya riƙe salularku a buɗe na minti ɗaya yana iya haɗa tasa, ya riƙa ganin saƙonninku daga nesa. In kun ga na'urar da ba ku sani ba, ku cire ta.
2. Vérification en deux étapes. Wata lambar sirri ce mai alƙaluma 6 da ku kuke zaɓa. Tana hana wani ya ɗauke asusunku zuwa salularsa.
3. Kulle hira. Tun shekarar 2023 ana iya kulle hira guda ɗaya, ta koma wani wuri dabam da ba ya buɗuwa sai da makullinku. Wannan yana da amfani a gidan da mutane da yawa suke aiki da salula ɗaya.
4. Saƙo mai gogewa da kansa. Ana iya sa saƙonni su ɓace bayan awa 24, ko kwana 7, ko kwana 90. Amma wanda kuka aika wa yana iya kwafewa kafin lokacin ya cika.

Sannan ku riƙe wannan da kyau: in lamba ta shigo muku ta SMS, wani ya kira ya ce ku karanta masa ita, kada ku karanta. Ko ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, ko ya ce kuskure ya yi ya aiko muku. Ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar lambar sirri.

Wa zai karanta muku saƙo?

Kafin zuwan salula, wanda bai iya karatu ba yakan kai wasiƙarsa wurin malamin makaranta ko ɗan lakwal ya karanta masa. Yau ma haka ake yi da saƙon salula. Neman taimako ba abin kunya ba ne, matambayi ba ya ɓata. Amma duk wanda ya karanta muku saƙo ya san sirrinku. A ce mai gida yana ci-rani, ya aiko wa uwargida jika 20, lambar karɓa tana cikin saƙon. In yau wannan yaro ya karanta, gobe wancan, kafin mako ya zagayo unguwa ta san abin da ya shigo gidan, masu neman rance kuma sun fara sallama.

Saboda haka ku zaɓi mutum ɗaya amintacce. Ku keɓe da shi. Ku buɗe makulli da hannunku, salular ta zauna a hannunku. Lambar sirrin kuɗi kuwa, ku da kanku za ku danna ta.

Hanyar da ta fi duka ita ce ku karanta da kanku, kuma ba sai kun gama littafi za ku fara ba. Ku fara da lambobi daga 0 zuwa 9, da sunanku, da sunayen mutane biyar da suka fi aiko muku saƙo. Sannan ku haddace kalmomi huɗu na Faransanci da suke yawan zuwa cikin saƙon kuɗi: reçu yana nufin an karɓa, envoyé yana nufin an aika, solde shi ne abin da ya rage cikin asusu, code kuma ita ce lambar sirri. Wanda ya san waɗannan yana iya gane saƙon da bai kamata ya nuna wa kowa ba.

An gwada wannan a ƙasarmu. A shekarun 2009 da 2010 an gudanar da wani shiri mai suna ABC a ƙauyuka fiye da 100 na jihohin Doso da Damagaram. Wasu azuzuwan yaƙi da jahilci sun yi karatu yadda aka saba, wasu kuma an haɗa musu da koyon aiki da ƙaramar salula. Da aka yi jarrabawa, waɗanda suka koyi aiki da salula sun fi samun sakamako mai kyau a rubutu da lissafi. Kowane saƙo da kuka karanta da kanku darasi ne, kuma sirri ne da ya tsaya a wurinku.

Sirrin wani amana ne

Yadda kuke son a rufa muku asiri, haka ɗan uwanku yake so. In aka ba ku saƙo ku karanta wa wani, ku karanta shi daidai, kada ku ƙara, kada ku rage, kuma ku bar maganar a wurin. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kada ku buɗe salular wani ba da izininsa ba, kuma kada ku tura saƙon muryar wani zuwa zauren WhatsApp bai sani ba. Hukuma ma ta kula da wannan al'amari. A shekarar 2017 Nijar ta kafa dokar kare bayanan sirri na mutane, a shekarar 2019 kuma ta kafa dokar yaƙi da laifukan da ake yi ta na'urori da intanet, wadda ta hana kutsawa cikin na'urar wani ba tare da izini ba.

Abin da ya kamata ku riƙe

1. Salular da take magana ba ta lalace ba. Ku fara gwada riƙe maɓallan murya biyu tare.
2. In TalkBack yana buɗe, taɓawa ɗaya zaɓe ce, taɓawa biyu buɗewa ce, ja kuma da yatsu biyu ne.
3. Ku rufe Bluetooth in ba ku aiki da shi.
4. Ku saurari saƙon murya a kunne.
5. Ku ɓoye abin da saƙo ya ƙunsa daga fuskar kulle, ku sa wa salula da katin SIM makulli.
6. Kada ku faɗa wa kowa lambar sirri, ko wane ne shi.

Aikin da za ku yi a aji

Ku zauna biyu-biyu, kowa da salularsa a hannunsa. Ku nemo alamar Paramètres, ku rubuta kalmar a allo ko a littafi sau uku. Sannan ɗaya ya aika wa ɗaya saƙon gaisuwa, mai karɓa ya bar salularsa a kulle. Ku duba tare: salular ta yi magana? Ta nuna rubutun a fuskarta? In ta nuna, ku bi matakan da suke sama ku gyara, ku sake aika saƙon har sai ta daina. Wanda ya gama nasa ya nuna wa na kusa da shi hanya da baki, ba tare da ya karɓi salularsa ba.